Takardar Kwana 14 da Masu Rainon Yara a Zango

A wannan wata mun yi niyyar ci gaba da maganar shirin jarrabawar 'yan ƙaramar sakandare, to amma wani abu ya faru a lungunmu wanda ya tilasta mana mu jingine ta sai wani jiƙon.

Ran nan bayan sallar magariba wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama da mu, riƙe da wata takarda da ta naɗe a bakin mayafi. Ta ce, "Malam, don Allah duba mini wannan, wai daga hukuma aka kawo." Muka karanta, muka fassara mata. An ba ta kwana 14 ta rufe wurin rainon yara da take yi a gidanta, domin ba ta da takardar izini. Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Malam, shekara 19 ina wannan raino. Izinin wa kuma? Ai iyayensu ne suke kawo mini su da hannunsu." Muka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, bari mu bincika tukuna."

Wurin nata ba wani wuri ba ne, ɗaki ɗaya ne da baranda a cikin gidan haya irin namu na Zango, inda ɗaki goma sha suke tarayya a tsakar gida guda. A lokacin yara 11 take riƙewa, daga mai wata huɗu zuwa mai shekara uku. Iyayensu kuwa duk mun san su: mai koko da ƙosai da ke fita tun kafin asuba, mai shinkafa da wake ta bakin tasha, masu ɗinki biyu, wata malama abokiyar aikinmu, da 'yan mata biyu masu dako a kasuwa, waɗanda ake kira kayayei. Wasu su biya kullum, wasu ƙarshen wata, wasu kuma sai dai su kawo mata kwanon abinci da godiya.

To mene ne doka ta ce? Da yawa daga cikinmu suna zaton sabon abu ne aka ƙirƙiro don a tatsi talaka. Ba haka ba ne. Tun 1978, zamanin mulkin soja, akwai dokar gidajen rainon yara a ƙasar nan ta Gana. A 1990 Gana ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, sa'an nan a 1998 aka yi Dokar Yara, mai lamba 560, wadda ta maye gurbin waccan ta soja. A cikinta aka ce duk mai son buɗe wurin raino ya kai takardar nema ga sashen jin daɗin jama'a na majalisar gundumarsa, ya biya kuɗin da aka yanka, a zo a duba wurin, in ya cika sharaɗi a ba shi izini. Bayan haka ma'aikatan sashen su riƙa zuwa dubawa aƙalla sau ɗaya a kowane wata shida. Wurin da ba shi da izini kuwa a rufe shi bayan sanarwar kwana 14, kuma wanda ya yi kunnen ƙashi yana iya fuskantar tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Ke nan wanda ya kawo wa Hajiya takarda bai zalunce ta ba, aikinsa ya yi.

Kuma kada son Hajiya ya rufe mana ido, dokar nan tana da dalili. Shekara biyu da suka wuce, a wani gida can bayan masallacinmu, wani yaro mai rarrafe ya jawo tukunyar koko daga kan murhun gawayi ta kife masa a hannu da ƙirji. Mai rainon ita kaɗai ce da yara fiye da goma, tana ɗaki tana sauya wa wani tsumma. Da ta fito a ruɗe sai ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa masa, wata maƙwabciya ta ƙara da man goge haƙori, ba a kai shi asibiti ba sai da uwar ta dawo kasuwa da la'asar. Alhali kuwa abin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa shi ne a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a kan ƙunar har wajen minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a garzaya asibiti. Yaron ya rayu, amma yatsunsa biyu sun manne. Aka taru aka ce ƙaddara ce, aka ba iyaye haƙuri, magana ta mutu. Mun yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta ajiye murhu a gaban mai rarrafe ba. Bayan wannan akwai kwata buɗe a ƙofar gida, akwai bokitin ruwa da ba a rufe ba, wanda ya isa ya halaka jariri cikin ɗan lokaci ba tare da an ji ko kukansa ba, akwai yaro mai gudawa da ake kwantarwa a tabarma ɗaya da masu lafiya. Wanda ya ga kwalarar 2014 a Ankara ba sai an yi masa dogon bayani ba. Har ila yau iyaye mata sun sha kawo mana ƙorafin cewa wasu masu raino suna ɗura wa yara maganin mura mai sa barci don su samu sararin yin wanki. In har akwai mai yin haka, to ba ta da wani uzuri a wurinmu.

Saboda haka ba mu cikin masu cewa gwamnati ta cire hannunta. Tambayarmu ita ce, in an rufe ɗakin Hajiya, ina yaran nan 11 za su?

A nan ne gizo yake saƙa. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12. Gyaran ilmi na 2007 kuma ya shigar da shekara biyu na ajin share fage cikin karatun firamare, wato yaro ya fara tun yana da shekara huɗu. To daga wata uku zuwa shekara huɗu fa? Wannan tazara ta kusan shekara huɗu an bar wa uwa ita kaɗai ta san yadda za ta yi. Wannan ma maganar mai albashi ke nan. Mai koko ba ta da hutun haihuwa, in ta yi arba'in shi ke nan sai ta koma bakin tukunya, domin ranar da ba ta fita ba ranar ba a ɗora girki a gida. Gidajen raino masu izini kuwa, masu fenti da lilo da mota mai ɗaukar yara, kuɗinsu na zango ɗaya ya fi ƙarfin jarin mai koko gaba ɗaya, kuma ba su buɗewa da asuba lokacin da take bukata. A shekarun 1980 da 1990 Ƙungiyar Mata ta 31 ga Disamba, ƙarƙashin Nana Konadu Agyeman-Rawlings, ta buɗe gidajen raino da dama a garuruwa da ƙauyuka, kuma ko wanda bai sha inuwa ɗaya da siyasarta ba zai yarda cewa ta gane inda ke yi wa mata ƙaiƙayi. Amma bukatar ta fi ƙarfin ƙungiya ɗaya.

A da can ba a san wannan damuwa ba, domin akwai kaka a gida, akwai kuma 'yar raino, wato yarinya 'yar shekara takwas ko tara da ake ɗauko wa daga wurin dangi a arewa ta zo ta yi goyo. Yau kaka tana ƙauye ko ita ma tana talla, 'yar raino kuwa mu malamai ne muka yi ta yawo gida gida muna roƙo a sa ta makaranta, kuma ba mu yi nadama ba. Amma mun san abin da ke biyo baya duk lokacin da mai raino ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo. Washegari in muka kira suna a aji huɗu ko biyar sai mu tarar 'yan mata biyu ko uku ba su zo ba. In ka tambaya a ce, "Tana gida da ƙaninta." Ba a taɓa ce mana namiji ne ya zauna ba. Wanda ya rufe ɗakin raino ba tare da ya buɗe wani ba, kujerar yarinya ya kwashe daga ajinmu, ko ya sani ko bai sani ba.

Me ya hana irin su Hajiya neman izinin? Na farko dai yawancinsu ba su taɓa jin labarinsa ba, domin ba a taɓa zuwa masallaci ko gidan suna an yi bayaninsa da Hausa ko Dagbani ba. Waɗanda suka ji kuma sun san ƙarshen zancen. Ma'aunin da ake aunawa da shi an yanka shi ne don makaranta mai gininta, da filin wasa, da bayan gida na yara, da littafin lissafin kuɗi. Matar da ke haya a ɗaki ɗaya, wadda ita kanta sai ta biya kuɗi take shiga bayan gidan unguwa, yaya za ta cika wannan? Don haka sai ta zaɓi ɓuya. Ta tura ƙofa, ta hana yara fitowa tsakar gida, in baƙo ya tambaya ta ce jikokinta ne. Ɓuyan nan kuwa shi ne babban haɗari, domin ɗakin da hukuma ba ta san da shi ba, ma'aikaciyar awon yara ma ba za ta leƙa shi ba.

Wasu ƙasashe sun raba abin gida biyu, sun bambanta makarantar raino da mace mai raino a ɗakinta. A Ingila, inda 'yan'uwanmu da yawa suke zaune, mai raino a gida tana yin rajista, a binciki halinta, ta koyi taimakon gaggawa na yara, kuma ƙa'idar ita ce kada ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas, a cikinsu ƙanana uku kawai, jariri ɗan ƙasa da shekara kuwa ɗaya. Wani zai ce ai wannan ƙasar masu kuɗi ce. To ga Kolombiya, can Amurka ta Kudu. Tun 1986 hukumarsu ta kula da iyali ta ɗauki matan unguwannin talakawa masu riƙe yaran maƙwabta, ta ba su horo, ta ba su abincin yaran, ta taimaka musu da rancen gyara ɗaki da bayan gida, aka kira su iyayen unguwa. Ba a kore su ba, jawo su aka yi.

Mu ma nan gida mun taɓa yin irin wannan dabara, kuma mu 'yan Zango mun fi kowa saninta. Makarantunmu na allo da na Islamiyya sun daɗe a zaure da ƙarƙashin bishiya ba su cikin lissafin kowa. Da aka kafa sashen ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi a 1987, ba a aika wa malamai takardar rufewa ba. Aka bar musu makarantunsu, aka turo musu malaman boko da gwamnati ke biya, aka shigar da su tsari sannu a hankali. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ta wannan ƙofa suka shiga boko.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne ba sai an je majalisar dokoki ta ƙasa ba. Dokar 1998 ɗin da kanta ta ba kowace majalisar gunduma ikon yin nata ƙananan dokoki kan gidajen raino, kuma ta yarda a ba da izini bisa sharaɗi. Ashe ke nan wakilin unguwarmu, wanda muke gani kullum a masallaci, yana iya miƙewa a zauren majalisa ya nemi a yi ƙaramin izini na masu raino a gida. A yanka adadin yaran da mace ɗaya za ta riƙe, a ce murhu da ruwan zafi su bar inda yara suke, a sa ɗan kyaure a bakin baranda, a rufe randa da bokiti, kowane yaro a ga katinsa na awo da rigakafi, a rubuta lambar wayar uwarsa a littafi, ita kuma mai rainon ta je horon 'yan kwanaki a asibitin unguwa, da harshen da take ji. Kuɗin izinin ya zama wanda mai raino za ta iya biya ba tare da ta ƙara wa mai koko ba. Akwai kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017. Muna ganin kyauren katako da kwalin magani na gaggawa ba za su fi ƙarfinsa ba, in sarakunan Zango da limamai suka buɗe baki suka nema. Su ma iyaye maza, waɗanda yawancinsu ba su taɓa taka ƙafa sun ga inda 'ya'yansu ke wuni ba, ya kamata su leƙa ko sau ɗaya ne.

Ranar Litinin da ta biyo baya muka nemi izini a makaranta muka raka Hajiya ofis. Matar da muka tarar ta karɓe mu da mutunci, ta saurari Hajiya har ta gama, ta ba ta takardar nema, ta kuma faɗa mata gaskiya cewa mutum ɗaya ba zai riƙe yara 11 ba. Da muka dawo Hajiya ta mai da murhunta bayan ɗaki, wani kafinta ɗan lungunmu ya buga mata kyaure bai karɓi ko kwabo ba, ta kuma rage yaran zuwa bakwai. Har lokacin da muke wannan rubutu tana jiran a zo dubawa.

Yara huɗun da ta sallama kuwa, na waɗanda ba su iya biya kullum ne, domin ita ma da kuɗin rainon take biyan haya. Biyu suna gida wurin yayyensu mata, ɗaya daga cikin yayyen 'yar ajinmu ce, yau kwananta tara ba ta zo makaranta ba. Sauran biyun na masu dakon nan ne. Ranar Asabar muka gamu da ɗayarsu a cikin kasuwa, da kwanon doya a ka, da jaririn ɗan wata bakwai a baya, rana tsaka. Ta gaishe mu, ta ce, "Malam, yaushe Hajiya za ta karɓe shi?" Muka ce mata sai an zo dubawa tukuna.