Wai Fim Ɗin Yara Ne?

Kai da kake cewa Godzilla Minus One fim ɗin yara ne, ka kalla kuwa? Ko daga jin "dodo" ka taɓe baki? Haba malam! Ryunosuke Kamiki ya fito a matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake da ya tsere wa mutuwa a 1945, ya koma Tokyo ya tarar wutar bam ta cinye iyayensa, maƙwabciya tana yi masa gorin dawowa da rai. Wannan ne abin yara? Mutum 35 kacal, ƙarƙashin Takashi Yamazaki, suka ƙera dodon a kwamfuta, suka ɗauke Oscar a 2024 a gaban manyan Hollywood. Ni a sinima nan Amurka na kalla, wallahi dattijon gefena sai share hawaye yake.