Tiyata Rabin Magani Ce

Tun 1962 da John Charnley ya inganta aikin sauya gaɓar ƙugu a Ingila, ake maye gurbin lalatattun gaɓoɓi da na ƙarfe da roba. Sai dai tiyata rabin magani ce. A Gidan Dare, kamar sauran unguwannin Sakkwato, tausayi kan sa iyali su hana majinyaci motsi. Wannan tausayi cutarwa ne, domin doguwar kwanciya na raunana tsoka, ta sanƙarar da gwiwa, har jini ya daskare a jijiya. Wanda zaryar asibiti ta yi wa tsada, ya koyi atisayen wurin likitan gashi, ya riƙa yi a gida. Ƙafar da za ta kai mutum masallaci, sai an motsa ta.