Ƙarin albashi mafi ƙanƙanta da diyyar haɗarin mota

Tun daga watan Janairu na 2024, albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, wanda ake kira SMIG, ya tashi daga sefa 30.047 zuwa sefa 42.000, wato jika 42 a wata. Manomi ko mai tallar ƙosai zai ce wannan zancen ma'aikata ne, babu ruwansa. Amma akwai ranar da zancen yake shafarsa: ranar da mota ta buge shi.

Nijar tana cikin ƙasashen da suke aiki da dokar inshora ɗaya, wato asiransi. Sunan dokar kundin CIMA. An sa mata hannu a birnin Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Ta wajabta wa kowane mai mota da mai babur ya yanki asiransi, domin idan ya ji wa wani rauni kamfani ya biya. Kamfani kuwa ba da ka yake yanke kuɗin ba. Wanda yake da takardar albashi, da albashinsa ake lissafin kwanakin da ya yi bai yi aiki ba. Wanda ba shi da wata takarda, kamar akasarin mutanen karkara, da SMIG ake yi masa. Haka kuma diyyar naƙasa: ana duba shekarun mutum da girman naƙasar da likita ya auna, a lissafa bisa SMIG na shekara. Ke nan da ma'aunin ya ƙaru, haƙƙin talaka ma ya ƙaru.

Sai dai ƙari a takarda ba kuɗi ne a hannu ba. A kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, sau da yawa a bakin titi ake kashe magana. Jama'a su taru, a ce ƙaddara ce, direba ya miƙa abin da ke aljihunsa, a yafe. Yafiya hali ne mai kyau, amma a nan wa aka yafe wa? Idan motar tana da asiransi, kuɗin ba daga aljihun direba za su fito ba. Mai motar ya riga ya biya kamfani saboda irin wannan rana. Wanda ya yafe bai sauƙaƙa wa direba komi ba, kamfani ya bar wa kuɗin jinyarsa.

Doka kuwa ta tsaya wa mai rauni sosai. Mai tafiya a ƙasa da fasinja ana biyansu diyyar rauni ko da sun yi ganganci, sai fa wanda ya jefa kansa da gangan. Direba ne laifinsa yake rage masa diyya, ko ya hana shi ita ɗungum.

Abin da yake kayar da mutane shi ne rashin takarda. Ta farko ita ce ta binciken ƴan sanda ko jandarmomi, wadda ake kira kwansta. In babu ita, da wuya a tabbatar da motar da ta yi ɓarnar. Ta biyu shaidar likita ce ta ranar haɗari. Mutane da yawa gidan mai ɗori suke wucewa kai tsaye. Ko da za a je can, a fara zuwa likita, domin mai ɗori ba ya ba da takardar da kamfani zai karɓa. Bayan nan a adana kowane rasit na magani da na hoton ƙashi, komi ƙanƙantarsa.

Kamfani yana da wa'adin da doka ta ƙayyade ya gabatar da tayin diyya. Idan rasuwa aka yi, ga magada ake yin tayin. A nan ne ake son natsuwa. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Kuna da ikon neman kofin kwansta, ku zo da mai ba ku shawara, kuma ku zo da likitanku ranar da za a auna raunin. Kada a yi gaggawar karɓar tayin ƙarshe ciwo bai tsaya ba, don ƙafar da ake zaton ta warke tana iya barin ɗingishi. Wanda ya sa hannu sannan ya gane an saɓa wa doka, yana da kwana 15 ya janye ta hanyar wasiƙa mai rajista. Idan yaro ne ya ji rauni, sai da amincewar iyayensa, ko in ba sa raye, alƙali ko majalisar dangi, sulhun yake tabbata.

Babban giɓin yana wajen ƴan kabu-kabu. Babur marar asiransi idan ya buge mutum, babu kamfanin da za a bi, sai mai babur ɗin, wanda sau da yawa kuɗin mai ma da ƙyar yake haɗawa. Ƙarin SMIG bai taɓa wannan matsala ba.

Wanda haɗarinsa ya daɗe kuma, ya ƙirga shekaru: bayan shekara 5 daga ranar haɗari, damar neman diyya ta wuce.