ZAUREN 'YAN MATA: Fatar Ido Ba Bakin Zani Ba Ce

Ina gaida ɗaliban Gaya da Ajingi masu aiko da wasiƙu ba gajiya, Allah Ya bar zumunci.

Wasiƙar wannan fitowar daga wata ƙanwata ce a Gaya, ta roƙi in sakaya sunanta. Tun tana aji biyu na sakandare take sa tabarau saboda ba ta hango allo, har ƙawaye suka laƙaba mata "mai ido huɗu". Wata biyu da suka wuce yayanta ya kai ta Masar aka yi mata aikin leza, ta rabu da gilashi. To fa! Cire gilashin ke da wuya sai madubi ya soma kawo gulma, wai fatar idonta ta sama ta yi nauyi, in ta ja kwalli ba ya fita. Saura wata uku bikinta, tana son a rage mata fatar kafin ranar kamu. Ta ce, "Anti, akwai matsala?"

Akwai, ƙanwata, kuma babba ce.

Shi wannan aiki da ake kira lasik, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1999, ga yadda yake: likita zai ɗaga wani siririn tantani a gaban ƙwayar ido, ya sassaƙe abin da ke ƙarƙashi da hasken leza, sannan ya mayar da tantanin. A wajen ɗagawar nan ana tsinka wasu ƙananan jijiyoyi, waɗanda su ne ke kai rahoton cewa ido ya bushe a turo hawaye. Shi ya sa da yawan waɗanda aka yi wa aikin suke jin kamar an zuba musu yashi, sai sun riƙa ɗiga hawayen kanti. Jijiyoyin kan ɗauki wata shida, wani lokacin har shekara, kafin su farfaɗo.

To ita kuma fatar ido mene ne aikinta? Ita ce ke shafe ƙwayar da hawaye, sau 15 zuwa 20 a kowane minti, ba ki ma san tana yi ba. Duk jikinki babu fata mai sirantarta. In aka zo aikin kwalliya akan yanke wani sashe nata, wani lokacin har da tsoka da kitse. Bayan nan sai kumburi, ƙiftawa ta yi rauni, idon ya yi kwanaki ba ya rufuwa ruf. In kuwa hannun likita ya zarce, shi ke nan, mutum ya dinga barci ido a ɗan buɗe kamar zomo. Tela in ya rage miki riga ta matse, yana iya farke kalmasa ya saki. Nan babu kalmasa, sai dai a yanko fata daga bayan kunne a yi faci.

Ki haɗa biyun ki gani: ido bai gama koyon kiran hawaye ba, ga murfinsa ya daina rufuwa. Daga nan gyambo ke fita a ƙwayar, ganin da yayanki ya kashe maƙudan kuɗi a kai ya dushe. Don haka likitocin ido ke cewa a bar aƙalla wata shida tsakani, wasu ma shekara suke so. Su fa ba su san ƙurar hunturun Gaya ba, ba su san hayaƙin murhu ba, balle turaren wutar da za a turnuƙe amarya da shi mako guda. Ko don hoton biki ma ki dakata, domin kumburi da taruwar jini kan kai mako biyu, tabon kuwa sai ya yi watanni kafin ya kwanta.

Na san inda abin ya samo asali, waya ce. Mun ƙura wa 'yan fim ɗin Koriya ido, can kuwa gyaran fatar ido ya zama ruwan dare. Tun 1896 wani likitan Japan mai suna Mikamo ya rubuta yadda ake yin sa, don masu son ninki a fatar idonsu. Yo mu da yawancinmu aka haifa da ninkin, me muke nema?

Mu a nan yankin, aikin fatar idon da muka sani daban ne. Ki shiga ƙauyukanmu, ko wajen Kademi ko Toranke, ki tambayi tsofaffi labarin amodari. Ciwo ne da ƙuda da ƙarancin ruwa ke yaɗawa, yana maimaituwa tun yarinta har fatar ta tattare ta juya ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar a duk ƙiftawa. Za ki ga tsohuwa da matsefata tana tsige gashin, ya sake tsirowa ya fi na da kaifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce makantar da yake jawowa kan kama mata har ninki huɗu na maza, don mu ne ke fama da goyo da goge fuskar yara. Aikin mayar da fatar waje bai kai rabin awa ba. In kina da kaka mai wannan, don Allah ki ja hannunta zuwa asibitin Gaya a duba ta.

Haka in fatarki ta sauko har tana tare miki gani, wannan lalura ce, a je a nuna. Ta Wudil kin shiga Kano: ga Asibitin Ido na ECWA da ke aiki tun 1943, ga Asibitin Ido na Makka, ga na Malam Aminu Kano. Ki nemi likitan ido na sosai, ban da masu gyaran jiki na lungu. Ki tafi da takardunki na Masar, ki faɗi watan da aka yi miki leza tun kafin a tambaye ki, ki kuma roƙi a auna hawayenki. Wata 'yar takarda ake maƙalawa a fatar ƙasa, minti biyar an gama.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, Antinku.