Alhaji, Ɗanka Ba Yaron Shagonka Ba Ne

Iyaye maza na Ogui, har da 'yan uwanmu na Anaca da Fatakwal. Yau da ku zan yi, kuma ba zan ɓoye ba.

Da yawanmu mun mai da 'ya'yanmu 'yan aike. Yaro ya shekara 15, ya kai 20, yana tsare maka shago ko yana bin shanunka a kara, amma bai taɓa riƙe jarin kansa ba, bai san sarin kaya ba, ko kuɗin aski sai ya roƙe ka. Ran da ka faɗi, shago ya faɗi. Sai a ce yaran zamani ba su da kan gado. Wa ya koya musu?

Ku dubi maƙwabtanmu Ibo a kasuwar Ogbete ko babbar kasuwar Anaca. Yaro zai yi wa ubangidansa hidima na wasu shekaru da aka yi yarjejeniya a kai, ana nuna masa sirrin kasuwa. Wa'adi na cika a sallame shi da jari, ya buɗe nasa. Bare ke nan ake yi wa haka. Mu ɗan cikinmu muke hana wa.

Wani zai ce tsoron lalacewa ne, kuɗi a hannun matashi fitina ne. To, riƙe shi a jikinka ya hana shi shan ƙwaya? Wanda ba a ɗora wa nauyi ba shi ke da lokacin zaman majalisa. Annabi (SAW) ya naɗa Usama bin Zaid shugaban runduna yana matashi, ga manyan sahabbai a cikinta. A nan Inugu, Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, fataucin shanu ya kawo shi, ya zama magajin garin farko a shekarun 1950. Da an tsare shi a gindin uba, da wa ya san sunansa?

Abin yi a bayyane yake. Ka ba ɗanka ƙaramin jari, ya juya, ya yi asara, ku zauna ku yi lissafi. Ka bar shi ya rubuta WAEC da JAMB, ga IMT da ESUT a garin nan. Ka bar shi ya koyi harshen Ibo. 'Yarka ma haka, karatu da sana'a.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a.