RA'AYINMU: Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A watan jiya ne muka raka wani dattijon ikilisiya zuwa makwancinsa. Mutumin ƙasar Zuru ne, aikin koyarwa ya kawo shi yankin Kalgo tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, da ya yi ritaya kuma bai koma gida ba, sai ya kama noma a wajen Dangoma, inda maƙwabtansa Musulmi suka riƙe shi tamkar ɗan gari. Bayan an gama addu'a an rufe kabari, matarsa ta faɗa wa matan zumunta wata magana da ta hana mu sukuni. Ta ce tun daminar bara waccan Baba yake ganin jini in ya zaga, amma bai faɗa wa kowa ba sai ita, ita ma sai da ya roƙe ta kada yara su ji. Wata goma sha huɗu ya yi yana shan maganin basir, na kwalba da na ƙulli, har ranar da cikinsa ya kumbura, bayan gida ya tsaya cak, aka ɗauke shi da dare zuwa asibiti. Da likitoci suka buɗe, ciwon dajin babban hanji ne, ya riga ya kai hanta. An sayar da shanun noma biyu da shinkafar da ya ajiye, duk da haka bai ƙara wata uku ba.

Ba mu kawo wannan labari don mu ɗora wa mamaci laifi ko wa matarsa ba. Mun kawo shi ne domin mun san a cikin masu karanta wannan shafi akwai dattawa maza da mata da ke cikin watan farko ko na biyu na irin wannan ɓoyo a yau ɗin nan.

Ya kamata jama'a su san yadda wannan ciwo yake tafiya. Galibi yakan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ba ya zafi, ba ya hana barci. Tsiron yakan ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe ya zama daji. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A mataki na ɗaya da na biyu yana nan cikin hanji bai fita ba, likitan fiɗa zai iya yanke wurin ya haɗa hanjin, mutum ya koma gonarsa. A na uku ya shiga kaluluwar da ke kewaye. A na huɗu ya tsallaka zuwa hanta ko huhu. A Amurka, inda ake lissafin waɗannan abubuwa dalla-dalla, cikin mutum goma da aka gano nasu tun bai fita daga hanji ba, wajen tara suna nan da rai bayan shekara biyar. Cikin goman da aka gano bayan ya yaɗu nesa kuwa, waɗanda ke kai shekara biyar ba su cika biyu ba. Ciwo ɗaya ne, hanji iri ɗaya ne, ranar da aka gano shi ce ta raba su. Tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan yana da shekara 74 aka yi masa fiɗar wannan ciwo a 1985, ya rayu har 2004. Saboda haka tsufa ba dalili ba ne na a ce wa mutum ya koma gida ya jira ranarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan shi ne daji na uku wajen yawa a duniya, na biyu wajen kisa. A 2020 kaɗai ya kama mutum wajen miliyan 1.9, ya kashe fiye da 900,000, akasarinsu waɗanda suka haura shekara hamsin. Amma ba daidai yake kashewa a ko'ina ba, nan ne kuma maganar ta shafe mu. A Ingila gwamnati ce ke aika wa dattawa ɗan kwalbar gwaji har gida ta gidan waya, mutum ya ɗan taɓa bayan gidansa ya mayar, in an ga alamar jinin da ido ba ya gani sai a kira shi a leƙa hanjinsa da na'ura, a cire tsiron tun bai zama komai ba. A Amurka an sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021. Duk da haka, ko a cikin Amurkar masu bincike sun nuna cewa talakawan ƙauyukan da ke bakin kogin Misisifi ta kudu da na duwatsun Afalashiya sun fi sauran 'yan ƙasarsu mutuwa da wannan ciwo, saboda talauci da nisan likita da rashin gwaji. To, in haka take a ƙasar masu kuɗi, me za a ce da mutumin Dangoma?

A ƙasarmu, likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Olusegun Alatise, sun haɗa kai da wani babban asibitin daji na birnin New York tun 2013 suna bin diddigin masu wannan ciwo. Abin da suka tarar shi ne mafi yawan marasa lafiyarsu sai a mataki na uku ko na huɗu suke isowa. Mu lura, wannan a ƙasar Yarabawa ke nan, inda asibitocin koyarwa suke kusa da juna, inda kuma aka buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan tun 1960. Dattijon da ya mutu a ɗakinsa a ƙauyen Gwandu ko Kalgo, aka ce ciwon ciki ne ko sammu, ba ya shiga littafin kowa. Shi ya sa in an ji wani yana cewa wannan ciwon Turawa ne ko na mutanen Kudu, sai a tambaye shi wa ya ƙirga namu. Gaskiya ne, wani likita Kirista da ya yi aiki a Uganda, Denis Burkitt, ya lura tun wajen 1970 cewa ciwon bai yawaita a tsakanin Afirkawa masu cin hatsi da dusarsa ba, kuma har gobe tuwon dawa da gero da wake da ganye alheri ne ga hanji. Amma cimarmu ta sāke, taba da burkutu ba su bar mu ba, mutane kuma suna daɗewa a duniya fiye da dā. Tuwon dawa ba laya ba ne.

Abin mamaki shi ne mutumin Dangoma bai rasa asibiti a kusa ba. Akwai babban asibitin jiha a Kalgo, akwai asibitin Sa Yahaya da asibitin Tarayya a Birnin Kebbi, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 150 daga Birnin Kebbi. Ginin yana nan. Abin da ke tsakanin dattijo da ƙofar likita ya fi kwalta tsawo, kuma a ganinmu mafi tsawonsa kalma ɗaya ce: basir.

Babu kasuwar da za ka shiga a ƙasar nan ba ka ji lasifikar mai maganin basir ba, wani lokaci da kalaman da ba ka so 'yarka ta ji. A bakinsu ciwon baya basir ne, kasala basir ne, rama basir ne, raunin namiji basir ne, jini kuwa ai shi ne sarkin shaida. Har an koya wa mutane cewa kowa da basirinsa aka haife shi, sai dai na wani ya fi na wani. Wanda ya yarda da wannan, me zai kai shi asibiti don ya ga ɗan jini? Ba mu ce babu basir ba. Akwai shi, kuma yawancin masu ganin jini shi ne ke damunsu, ko atini, ko tsagewar dubura saboda taurin bayan gida. Amma mai lasifika bai taɓa duba cikin kowa ba, ba shi da hanyar da zai bambanta basir da daji, kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da su duka biyu. Kowace kwalba da dattijo ya shanye, wata guda ne aka ba ciwon kyauta.

Sai kunya. Dattijo mai jikoki, wanda ake tashi a ba shi kujera a sujada, yaya zai kwanta yaro sa'an ɗansa ya sa masa yatsa a dubura? Mun fahimci nauyin wannan. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma dubawar nan ta minti biyu takan gano ciwon da ke kusa da ƙofa ba tare da wata na'ura ba. Wasu kuma sun ji labarin ana fitar wa mutum hanji ta gefen ciki a manna masa jaka, sai su ce gara mutuwa. Su sani ba kowa ake yi wa haka ba, wasu ma na ɗan lokaci ne a mayar, kuma jinkiri ne ke ƙara kusantar da mutum ga jakar da yake gudu.

Dole mu faɗi namu laifin, mu shugabannin ikilisiya. Sau nawa mai ciwo ya zo wurin fasto, aka ɗora masa hannu, aka shafa masa mai, aka sallame shi ba a tambaye shi ko ya ga likita ba? Akwai ma masu wa'azin da ke nuna kamar zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Wannan koyarwa ba daga iyayenmu muka gaje ta ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. 'Yan mishan da suka kawo mana Maganar Allah da akwatin magani suka zo, su ne suka riƙe kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, suka buɗe asibitin ido a Kano da asibitin Galmi a Nijar, mutanen Zuru kuma ba su manta da asibitin Tungan Magajiya ba. Macen nan mai zubar jini shekara goma sha biyu, ba a ɗakinta ta warke ba, sai da ta keta kunya ta fito cikin taro. Mu yi addu'a, i, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Likitocin Ile-Ife sun ba mu abin da ko mai wa'azin ƙauye zai iya riƙewa. A binciken da suka buga a 2018 sun nuna cewa mai ganin jini a bayan gida, in har yana ramewa kuma yanayin bayan gidansa ya sāke, haɗarin a ce daji ne ya ƙaru ƙwarai. Tambaya uku ke nan. Kana ganin jini? Bayan gidanka ya canja, yau zawo gobe tauri, ko ya sirance, ko ka zaga ka ji kamar da saura? Wandonka ya yi maka yawa ba ka san dalili ba? Duk wanda ya wuce shekara arba'in da biyar ya amsa i, kada ya ƙara mako uku bai ga likita ba, kuma ya roƙa a duba shi sosai, a tura shi inda ake leƙa hanji, kada a rubuta masa magani kawai daga bayan tebur. Haka ma tsohon da ake ta ce masa jininsa ya yi ƙasa ba a san inda yake tafiya ba, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo.

Maganar kuɗi kuma ba za mu kauce mata ba. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara asusun taimakon masu ciwon daji a 2021, dajin nono da na bakin mahaifa da na prostate na maza aka sa a gaba, a asibitoci shida, mafi kusa da mu shi ne na Zariya. Aikin wayar da kai da Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi a jihar nan tsakanin 2015 da 2023 ya sa mata da yawa sun san dajin nono da na mahaifa, abin a yaba ne. Hanji dai har yanzu maraya ne, ba shi da mai yi masa shela. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye waɗannan tambayoyi uku, ta kuma sa ido kan abin da masu lasifika ke faɗa wa jama'a. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga, jihar nan kuma tana da hukumarta ta KECHEMA, amma dattawanmu nawa ne aka taɓa kai su aka rubuta sunansu?

Mun iya tara kuɗin biso. In dattijo ya rasu, kafin rana ta faɗi an haɗa kuɗin akwati da na motar kai gawa Zuru da na abincin baƙi, ba wanda ya yi gunaguni. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta ware wani abu daga baikon wata, komai ƙanƙantarsa, a ajiye shi da suna ɗaya: kuɗin mota da na gwajin farko ga tsoho ko tsohuwar da ta ga jini. Kada a tambayi mai nema ko ɗan wace ɗarika ne, ko ma Kirista ne, domin ranar biso maƙwabtan Baba na Dangoma sun zo sun zauna tare da mu har yamma. Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin tsofaffin mata, domin abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa fasto ba za ta faɗa wa 'yar'uwarta. Zumuntar Maza ta gayyato ma'aikacin jinya, wanda kusan kowace ikilisiya tana da shi a kan benci, a rufe ƙofa a yi maganar da sunanta. 'Ya'ya da ke aiki a Abuja da Kaduna kuma, in kun bugo waya Baba ya ce lafiya lau, ku ce ya ba Mama wayar.