Idan Ka Ci Karo Da Ɓataccen Kare

Wata safiya a kan hanyata ta zuwa makaranta, na tarar da yara kusan goma sun kewaye wani kare a bakin kwata, kowa da dutse a hannu. Karen ya rame ƙwarai, ga guntuwar igiya a wuyansa. Igiyar nan kaɗai ta isa ta nuna cewa yana da ubangida, ɓata ya yi. Da na tambayi yaran laifin da ya yi musu, sai suka yi tsuru-tsuru.

Ɗalibi, ra'ayina shi ne kada ka jefi irin wannan kare, kada kuma ka taɓa shi. Jifa zalunci ne, kuma ganganci ne, domin karen da aka ritsa ba shi da makami sai haƙoransa. Mai tausayin da ya miƙa hannu zai shafa kansa, shi ma yana cikin haɗari, tun da bai san lafiyar dabbar ba. Ka tsaya nesa. In ya nufo ka, kada ka ruga da gudu, gudu yana sa kare ya bi mutum. Ka ja da baya a hankali, ba tare da ka zura masa ido ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana shiga jikin mutum ta cizo, ko ta yaƙushi, ko ta lasar wurin da ke da rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da yawa daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato tsararrakinka. Mahaukacin kare yakan dalalar da yawu, ya yi tangaɗi, ya ciji duk abin da ya tarar. Amma wani sai ya yi lamo kamar salihi, saboda haka ido bai isa shaida ba.

To, me za ka yi? Ka gaya wa babba: iyayenka, ko malaminka, ko shugaban unguwa. Su za su yi cigiyar mai shi a kasuwa, ko masallaci, ko coci, ko kuma su kira ma'aikatan asibitin dabbobi. In kana son ba shi ruwa, ajiye kwanon nesa da shi ka matsa. Wasu za su ce ɓata lokaci ne a yi wa kare cigiya. Ni ban yarda ba. Wataƙila shi ke gadin gidan wata tsohuwa, ko shi ke raka maharbi daji. In an sami mai shi kuwa, a tambaye shi ko an yi wa karen allurar rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura a nan gida Nijeriya.

Idan tsautsayi ya sa kare ya cije ka, nan take ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sannan a kai ka asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Toka da ganye ba sa kashe wannan cuta. Allura tana aiki ne kafin alamu su bayyana. Da zarar sun bayyana, da wuya a tsira. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da zai ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye. Faɗa na yini ɗaya ne, ka jure shi ka nuna musu raunin.

Shi kuwa karen bakin kwata, kwana biyu bayan haka wani mai gadi ya zo ya tafi da abinsa. Ashe igiyar ce ta tsinke da dare.